Hannun da Ba Nata Ba

Da hutun Babbar Sallah ne Abdussamad ya zo Madina daga Dammam, inda yake aiki, ya kawo wa mahaifiyarsa na'urar awon jini a cikin farin kwali. Mutanen unguwa jihaz suke ce wa irinta. Ya zaunar da Hajiya Mariyamu a kujerar falo, ya naɗa mata ɗamarar a dantsen hagu, ya danna maɓalli. Abin ya yi ta kumbura yana matse ta har ta fara salati, sannan ya saki, lambobi suka fito, da wata 'yar fitila a gefe. Ya yi mata bayani da Larabci tana amsawa da Hausa, kamar yadda suka saba tun yana makaranta. Kore lafiya ne, ruwan ɗorawa a yi hattara, ja kuwa a kira shi. Kullum da safe za ta auna, bayan ta zauna ta huta, kafin ta sha gahawa. Ya ce ya haɗa jihaz ɗin da wayarta, duk abin da ya fito zai gani a tasa wayar can Dammam.

Ranar ruwan ɗorawa fitilar ta nuna. Ya ce ba laifi ga mai shekara saba'in da ɗaya da take shan ƙwayarta a kan kari. Sannan ya fito da maganar da ya daɗe yana kewayawa: in ya ga ja ya fara yawa, zai zo ya ɗauke ta. Ɗaki na nan a gidansa, matarsa Nadiya har labule ta sa.

Mariyamu ta warware ɗamarar ta miƙa masa. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, Mutumin Dammam take ce masa, balle ta tsaya jayayya da shi. Amma maganar ta zauna mata a ƙirji. Kakanta ya baro ƙasar Katsina a ƙafa, ya yi shekara tara a hanya yana ƙwadago a gonakin Sudan, don dai ƙasar Madina ta rufe shi. Ta rufe shi, ta rufe mahaifinta, ta rufe mijinta Malam Bakri shekara shida da suka wuce. Duk Juma'a in ta fito daga Harami takan tsaya a bayan shingen maƙabartar Baƙi'a, inda mata ke tsayawa, ta yi musu sallama. A ganinta saura ita. Wanda ajali ya riska a Dammam kuwa, a iya saninta, can ake binne shi.

Saboda haka ta riƙe awon nan da gaske. Ta yi wa jihaz wuri a kan ɗan tebur, ta rufe shi da kyallen da ta saƙa wa baki. Da safe in ta idar da lazimi sai ta zauna, ta jingina, ta miƙa hannu. Wata rana kore, wata rana ruwan ɗorawa. Ta gane cewa in ta ci miyar da ta ji gishiri da daddare, da safe jihaz sai ya tona ta, sai ta rage hannu.

Gidanta a unguwar Khalidiyya shi ne mazaunin matan unguwa duk Alhamis bayan La'asar. Su shida ne ko bakwai, duk tsofaffi, wasu iyayensu daga Kano, wasu daga Damagaram, akwai Suhaila da aka haifi uwarta a Sudan. Ana zuba gahawa, a kawo dabino, wani lokaci ƙosai mai zafi. Kuma Mariyamu ta tashi ne a gidan da ba a ɓoye wa baƙo abu. In turare ne a shafa masa, in sabon bargo ne a shimfiɗa masa. Ranar da Suhaila ta ɗaga kyallen ta tambayi mene ne wannan, Mariyamu ba ta ga yadda za ta ce nata ne ita kaɗai ba. Ta naɗa mata ɗamarar. Daga nan kowa ta miƙo hannu.

Kafin wata ya zagayo, awon jini ya shiga jerin kayan baƙi: gahawa, dabino, turaren wuta, jihaz. In kore ya fito sai a yi wa mai shi barka, a ce ta shirya a nemo mata miji. Suhaila da kullum nata ke ƙasa aka sa mata suna Ruwan Randa.

Mariyamu ba ta manta cewa lambobi na tafiya Dammam ba. Sai dai ta yi nata tunanin. Wayarta ba ta buɗewa sai ta ga fuskarta, ko Suhaila ta ɗauka ta zuba mata ido ba ta buɗewa. To tunda wayar ta san fuskarta, ai jihaz ɗin da aka haɗa da ita ya san hannunta. Na baƙi zai nuna musu ne kawai ya watsar.

Mutum ɗaya ce ba a yi wa barka, ita ce Sharifa. Ƙawar Mariyamu ce tun suna 'yan mata, Mariyamu ta girme ta da shekara uku kacal amma Yaya Sharifa take ce mata. Ita ta goyi Abdussamad lokacin da kunyar ɗan fari ta hana uwarsa ɗaukarsa a gaban mutane. Sana'arta haɗa yajin tsire, masu gasa nama na unguwar Aziziyya duk wurinta suke saye. Duk sanda ta sa hannu, ja. Sai ta ce matakalar benen ce, ko gahawar ta yi ƙarfi, ko jihaz ɗin ne ba ya son masu jiki. Ana dariya a wuce.

Wata Asabar da hantsi sai ga ta ita kaɗai. Ta zauna ba ta cire mayafi ba, ta ce ƙeyarta ke sara tun jiya, a ɗan gwada mata. Ta huta, ba ta sha komai ba, aka gwada. Ɗari da tamanin da biyar a sama, ɗari da goma a ƙasa. Mariyamu ta ce wannan kam sai asibiti. Sharifa ta kama mata hannu.

"Yaya, amana. Kin san in Sakinatu ta ji, kafin Magariba ina Jidda."

Sakinatu ita ce 'yarta tilo, tana aure a Jidda, kuma ta fi Abdussamad naci. Mariyamu ta san wannan tsoron kamar yadda ta san nata, don iri ɗaya ne. Ta ce ta ɗauka, bakinta alekum. Daga ranar Sharifa kan leƙo da safe sau biyu ko uku a mako, ta auna, ta ga ja, ta ce gobe zai sauka, ta je ta jiƙa soɓo ta sha.

Sau uku Abdussamad na kira yana tambayar jiki. Mariyamu ta ce lafiya lau, sai godiya. Abin da ta manta shi ne, shekarar da ta karye a ƙafa ma haka ta ce masa. Ranar wata Litinin ya kira, muryarsa ba wasa. Ya ce ya ga ja sau goma sha ɗaya a mako uku. Ya ce ranakun Alhamis tana aunawa sau bakwai a cikin awa ɗaya, jinin na hawa yana sauka kamar lilo, wanda ke nuna tana jin jiki tana ta maimaitawa ita kaɗai a gida. Ya yanki tikiti. Zai iso Laraba, su ga likita, Asabar su tafi tare.

Da ta ajiye wayar ta daɗe tana kallon jihaz a ƙarƙashin kyallensa. Ashe bai san hannun kowa ba. Duk wanda ya miƙa masa, Mariyamu ce.

Laraba da azahar ya iso. Bayan ya ci abinci ta gaya masa, idonta na kan tabarma, cewa matan Alhamis ma suna sa hannu. Ya dafe kai ya yi 'yar dariya, ya ce to ya ji na Alhamis. Na safiya fa? Jan da ke fitowa ƙarfe tara na safe ranar Asabar da Talata, shi ma taron mata ne?

"Hannun ba nawa ba ne," in ji ta.

"Na wane ne, Ummi?"

"An ba ni amana."

Ya dube ta yadda ake duban yaron da ya ce ba shi ya sha zuma ba alhali ga ta a haɓarsa. Bai ce ƙarya take ba, bai isa ba. Ya dai ce ya san ba ta son barin Madina, kuma shi ma ba don daɗi zai raba ta da ita ba.

Da La'asar ya kai ta wurin Dakta Fatsuma, wata likita 'yar Gusau da ke aiki a wani ƙaramin asibiti a unguwar Aƙiƙ. Tsofaffin unguwa na son ta don tana jin ciwo da Hausa, ba sai an yi ta laluben Larabcinsa ba. Ta gaisa da Mariyamu har da tambayar gajiya, ta bar ta ta huta, sannan ta auna. Ɗari da sittin a kan casa'in da biyar. Mariyamu ta dubi ɗanta. A gida ba ta taɓa kai haka ba, amma wa zai yarda? Likitar ta ce kada ta damu tukuna, akwai masu jinin da ke hawa da ganin farar riga kawai, balle wadda aka ce za a ɗauke.

Ta karɓi wayar Abdussamad tana bin lambobin da yatsa. Can ta ce su duba na ƙasan nan, ƙaramin, shi ne bugun zuciya. Duk safiyar da kore ko ruwan ɗorawa ya fito, bugun yana wajen sittin da takwas ne. Duk inda ja ya fito, ya haura casa'in. Kuma akwai ranar da aka sami kore ƙarfe bakwai, ja ƙarfe tara. Ta ce yana iya zama mutum biyu ne, amma ba za ta rantse ba, don jiki ɗaya ma yakan yi haka. Sannan ta juyo ta fuskanci Mariyamu, ta sauke murya.

"Mama, ban tambaye ki suna ba. Amma in da gaske akwai mai wannan hannun, ba ta da mako biyu na jira. Irin wannan ba ya sallama. Mutum na tsaye yana daka sai ɓarin jiki ya tafi."

A mota Abdussamad ya ce magana ɗaya ce. In akwai mai hannu, ya gan ta da idonsa kafin Asabar. In babu, a haɗa kaya.

Alhamis da hantsi Mariyamu ta sa abaya ta taka zuwa gidan Sharifa, layi biyu ne tsakani. Ta same ta a tsakar gida tana tankaɗe ƙuli-ƙuli, ƙamshin citta da barkono ya cika wurin. Ta zauna a kan buhu ta zayyana mata komai, tun daga wayar da ta san fuska har zuwa tikitin Asabar. Sharifa ta yi dariyar maganar wayar har ta share ido, sannan dariyar ta ɗauke. Ta ce abu mai sauƙi ne, Yaya ta ce wata baƙuwa ce 'yar Umra da ta sauka wurinta, ta riga ta koma Nijeriya. Mariyamu ta ce ba ta yi wa yaron nan ƙarya yana cikin zani ba, ba za ta fara da furfura ba, a garin Manzo kuma.

"To tona ni za ki yi?"

"Ba zan tona ki ba. Alkawari kaya ne, na ɗauka. In kin ce a'a, Asabar in hau jirgi da bakina a rufe. Yajin nan dai ki riƙa aiko min, na Dammam ba ya da daɗi."

Sharifa ta ci gaba da tankaɗe, rariyar na bugun tafin hannunta. Mariyamu ta bar ta ta yi, sannan ta tuna mata da yayar Suhaila. Ita ma haka ta yi ta ɓoyo, tana cewa rana ce ta buge ta, har ranar da ta faɗi a bakin famfo. Da ta farfaɗo ba baki ba ƙafa. 'Ya'yanta suka sa ta a mota zuwa Riyad, tana kallonsu tana hawaye, ba halin ta ce a'a. Can ta yi wata bakwai, can aka binne ta.

"Lamba ba ta fitar da mutum daga Madina, Sharifa. Mai baki yana iya cewa ba ya zuwa. Wanda aka ɗauka kamar buhu shi ne ba ya da ta cewa."

"Ke da kika kasa ce wa ɗanki a'a?"

"Ni kunya ce ta hana ni. Ke kuwa wa kike kunya? Ko sarkin gari ba ki bari ba."

Sharifa ta ci gaba da bugun rariya. Ta ce yajin mutane na jiranta, Yaya ta gaida gida. Mariyamu ta tashi ta dawo. Ta fito da babban akwati daga ƙarƙashin gado, ta buɗe shi a tsakar ɗaki, ta sa sallayarta da zannuwa uku. Daga nan hannunta ya ƙi, ta bar shi a buɗe.

Bayan La'asar mata suka taru kamar kullum. Labari ya riga ya zaga, don haka zaman ya yi sanyi, ko Ruwan Randa ba ta nemi a gwada ta ba. Abdussamad na ɗakin ciki ya ba su wuri. An zuba gahawa zagaye na biyu sai aka ji takun Sharifa a matakala, tana hawa tana hutawa. Ta shigo ta ƙi karɓar finjali. Ta zauna a kujerar da ke kusa da ɗan tebur, ta yaye kyallen, ta ɗaga murya.

"Abdu. Fito nan, ɗan nema. Ka zo da wayar taka mai kai tsegumi."

Sauran matan suka gyara lulluɓi. Ya fito ya durƙusa ya gaishe ta, Hala yake ce mata, wato inna da Larabci. Ta ce ya ajiye gaisuwa, ya naɗa mata abin nan da hannunsa, tunda gadon bayanta da ya yi wa fitsari shekara biyu bai isa ya sa ya yarda da maganar ƙawarta ba. Ya ce ta ɗan huta tukuna, ta hau bene. Ta ce to, aka zauna shiru na minti biyar, ba mai tauna dabino. Sannan ya naɗa ya danna.

Ɗamarar ta kumbura ta saki. Ɗari da casa'in a kan ɗari da goma sha biyu, bugu casa'in da shida, fitila ja. Wayar da ke hannunsa ta yi ƙara, lambar ta shigo a ƙarƙashin sunan mahaifiyarsa.

Ya dubi wayar, ya dubi Sharifa, ya dubi uwarsa. Mariyamu ta kau da kai tana gyara zaman butar gahawa.

"Ka gani ko? Gani ya kori ji," in ji Sharifa. "Sai ka bar min Yayata. Kuma in ka kira Sakinatu kafin ni in kira ta, ban yafe goyon ba."

Abdussamad ya sa wayar a aljihu. Ya ce Hala ta tashi, mota na ƙasa, yanzu za su wurin likita. Ta ce ai sai ta sha gahawarta. Ya ce ba gahawa. Suhaila ta ce yau dai an sami mai iya wa Sharifa, aka ɗan yi dariya. Mariyamu ta ɗauki abayarta ta bi su.

Dakta Fatsuma ta riƙe Sharifa har bayan Magariba, aka ɗebi jini, aka duba zuciya, aka ba ta magani, aka ce ta dawo bayan kwana uku. Ta hana ta ɗanɗana yaji da harshe in tana haɗawa, don rabinsa gishiri ne. A kan wannan suka fi daɗewa suna ciniki.

Ranar Asabar Abdussamad ya tafi shi kaɗai. Kafin ya fita ya nuna wa uwarsa wasu maɓallai biyu a gefen jihaz da ba ta taɓa lura da su ba, kowanne da hoton mutum. Na ɗaya nata ne, na biyu na Hala, ya kuma nuna mata yadda za ta yi wa baƙi awo ba tare da an ajiye ba. Ya ɗiga jan farce a kan nata don kada ta rikice. Ya ce maganar ɗaki tana nan, in nata ya yi ja da gaske zai dawo. Ta ce Allah ya kai shi lafiya, ya gaida Nadiya, ya ce mata labulen ba zai lalace ba.

Sharifa ta kira 'yarta ran Lahadi, daga falon Mariyamu, don ta ce a nan ta fi jin ƙarfi. An yi kusan awa ana fafatawa da Larabci. Sakinatu ta ce za ta zo ƙarshen wata ta ga lambobin da idonta, sannan a san abin yi. Sharifa ta ajiye wayar ta ce to, tana da kwana goma sha tara ta koya wa jihaz ɗin nan wani launi.

Yanzu kullum ƙarfe bakwai na safe takan hau matakalar, da ƙwayarta ƙulle a bakin mayafi. Su zauna gefe da gefe, ba mai magana, har minti biyar su cika. Mariyamu ta danna mai jan farce ta auna, sannan ta danna ɗayan ta miƙa ɗamarar. Ranar ta tara aka ga ruwan ɗorawa a na biyu. Sharifa ta ce a sake, ba ta yarda ba. Mariyamu ta ce ba a sakewa, ta rufe jihaz da kyallensa, ta tashi ɗora gahawa. Da ta wuce ta ƙofar ɗaki ta ga akwatin nan har yanzu a buɗe, sai ta cire sallayarta da zannuwan, ta tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa.